Shaidar Ina Raye

Shekara talatin da ɗaya ina haɗiyar hayaƙin Kumasi.
Ni ne Issaka na tashar kwana-kwana ta bakin gada,
wanda ƙararrawa ke tayarwa da lomar waken safe a hannu.
Na san ƙaurin katifa, na san na yadi,
na san ƙaurin da ba a faɗa wa iyalin mamaci.

Sai majalisar gunduma ta zauna a bene mai sanyi.
Suka ce tasha uku ta yi wa aljihu nauyi,
a haɗe su wuri guda, can bayan Kejetia,
rarar kuɗin a biya tsofaffi bashin fanshonsu.
Mun tafa, wallahi har da ni.
Wani mai farar riga ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Ban ce komai ba,
amma hanjina a lokacin babu komai a ciki.

Suka zo da kafinta ya kwance ƙararrawa.
Jar motarmu, wadda Fuseini ke kira Amarya,
aka ja ta da sarƙa kamar saniyar da ta ƙi kasuwa.
Yanzu a ɗakin da muke shanya tiyo
wata mata na sayar da katin waya da ruwan leda.

Wata goma sha tara.
Ina ƙirga su a bangon ɗaki da gawayi.
Adiza ta daina tambaya,
kokon safe kawai take ƙara wa ruwa.
Fuseini bai jira ba, mun kai shi Tafo ranar Laraba,
takardarsa na nan a layi, tana gabana da mutum huɗu.

Daren jiya wuta ta tashi a layin teloli.
Waya ce ta yi tartsatsi, in ji yara.
Aka buga wa sabuwar tasha, suka ce ga su nan.
Ga su nan!
Tsakaninmu da su akwai tirotiro ɗari,
da ramin da aka haƙa tun bara ba a rufe ba.

Ƙafata ce ta tashi kafin ni.
Na ce Gariba, kashe mita! Ofori, fasa wancan katangar!
Mata ku jeru, bokiti ya bi hannu, kada wanda ya gudu da nasa!
Muryar da na ajiye tare da hular ƙarfe
ta fito da tsatsarta, kuma aka ji ta.
Shago bakwai suka tafi. Na takwas muka tsaya mata.
Keken ɗinkin Memuna na fito da shi a ƙirji,
yana da zafi kamar jaririn da ke zazzaɓi.

Da motar ta iso, toka ta riga ta kwanta.
Yaran kirki ne, ban zarge su ba.
Ɗayansu ya ce, Baba, a ina ka koya?
Na nuna masa shagon ruwan leda.

Da safe na hau bene, hannu naɗe da tsumma.
Akawu bai ɗago ba.
Ya ce kwamiti na binciken lissafin haɗewar,
kuma sunana na cikin waɗanda ake shakka,
sai na kawo shaidar cewa ina raye,
da hoto biyu, da sa hannun ɗan majalisa.

Na kwance tsumman a hankali,
na ɗora tafin a kan teburinsa,
fatar ta tashi, tana ruwa, tana ƙaurin yadin mutane.
Na ce, ɗana, matacce ba ya ƙuna.

Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya jawo aljihun tebur, ya duba, ya rufe,
ya ce fom ɗin ya ƙare,
in dawo ranar Litinin.